Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Hajiya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Mahaifiyarmu Hajiya, wadda ta samu shanyewar ɓarin jiki, ta fara takawa da sanda daga ɗakinta zuwa tsakar gida ba tare da an riƙe ta ba, maganarta kuma tana fita, duk da dai sai mutum ya kasa kunne. Kun san yadda aka faro, ba sai na maimaita ba, ni kaina ba na son tunawa. Saƙonninku da suka taru ban amsa ba, ku yafe mini, barci ma a rarrabe muke yin sa.

Likitoci da ma'aikatan jinya, Allah Ya saka da alheri. Su suka yi hoton ƙwaƙwalwa suka ce jijiya ce ta toshe a ɓangaren hagu, shi ya sa ɓarin dama ya shanye har da harshe. Amma ranar sallama, mai gashin da aka haɗa mu da ita, wato mai koya wa marar lafiya motsa gaɓoɓi, ta tara mu ta ce kada mu ɗauka an gama, yanzu aka fara. Ita sa'a guda za ta yi ta tafi, sauran yini da dare namu ne, kuma watannin farko su ne jiki ya fi karɓar motsi. Ta nuna mana yadda ake juya marar lafiya duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, da inda ake tokara matashi a ƙarƙashin hannun da ya mutu. Ta hana mu ɗaga ta ta wannan hannun, domin kafaɗar na iya gocewa. Ta hana gashi da ruwa mai zafi, tunda ɓarin ba ya jin zafi sosai, sai a ƙone mutum bai sani ba. Abinci kuwa sai an zaunar da ita tsaf, kunu mai kauri kafin ruwa, saboda idan ta ƙware ya gangara huhu wata cutar ce daban. Baiwar Allah nan ba ta taɓa yi mana tsawa ba, ko da ta tarar an yi ba daidai ba. Allah Ya sa ta gama da iyayenta lafiya.

Wadda nake so in yi magana a kanta ita ce Anti, matar Yaya Babba. Na san ba a yabon mutum a gaban idonsa, kuma na san za ta ji haushina, amma sai na faɗa.

Da hannun dama ya fara motsi, mai gashi ta ce a daina bai wa Hajiya abinci a baki. A naɗe mariƙin cokali da tsumma ya yi kauri, a damƙa mata, a zauna kusa a yi haƙuri. Ta ce hannun da ake yi wa komai mantawa yake da aikinsa. Mu 'ya'yanta zuciya ba ta ɗauka, Anti ce ta karɓi aikin. Wata rana da la'asar ɗaki cike da 'yan dubiya, Hajiya tana kokawa da cokali, kunu na zuba a zaninta, tana kallon Anti hawaye na gangaro mata. Wata daga cikin baƙi ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ai da ma suruka ba 'ya ba ce. Anti ba ta ɗago kai ba. Na ga ta cusa hannayenta biyu a tsakanin gwiwoyinta ta matse, don kada su miƙa da kansu, tana cewa, “Hajiya, saura kaɗan, sake gwadawa.” Sai da cokali ya isa baki. Da baƙi suka watse na same ta a kicin tana kuka fiye da na Hajiya. Wannan matar ita ke tashi juyin tsakar dare, ita ke wanka da wankin da ba kowace 'ya ce za ta iya ba, ga kunyar surukuta, ga goyo a baya. Anti, ba mu da abin biyan ki. Allah Ya ba ki Aljannar Firdausi, Ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka, Ya sa kada ki taɓa buƙata ma.

Autanmu da ya riƙe awon hawan jini da lokutan magani a littafi, Allah Ya yi maka albarka. Jikoki da suka mayar da motsa yatsu wasa, suna sa ta tsince wake tana zubawa a kofi, ku ma kun yi jinya. Maƙwabcinmu mai walda da ya kafa mana ƙarfen dafawa a jikin bango har bakin banɗaki, ya ƙera kujera mai rami don kada ta tsuguna, ya ƙi karɓar ko sisi. Mai adaidaita sahun layinmu da ke zuwa ko da an kira shi da asuba. Malam liman da ya zo da kansa lokacin da ta shiga damuwar salla, ya kwantar mata da hankali cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda bai iya zama ba ya yi a kishingiɗe. Daga ranar ta rage kuka. Allah Ya biya muku buƙatunku na duniya da lahira.

Masu aiko da kuɗi a ɓoye, mun gani. Masu addu'a daga nesa, ta iso. 'Yan uwan da ke cikin garin nan da har yau ba mu ga ƙeyarsu ba, sai dai saƙon cewa jifa ne, a kai ta wurin wane, to, mun gode da shawarar, kuma gidan yana nan inda kuka san shi.

Ya Allah Ka cika wa Hajiya lafiyarta, Ka sa abin da ta sha ya zama kaffara, Ka jiƙan mahaifinmu, Ka bai wa duk mai jinya a gida ko a asibiti sauƙi, Ka ƙarfafi masu kwana a zaune a gefensu. Amin.

Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, da safe tana motsa jiki. Don Allah kada a kawo abinci mai gishiri. In za ku gaisa ku zauna ta damanta, ku bar ta ta miƙo hannun da kanta, kada a ja shi, kuma in ta tsaya neman kalma a jira ta.