Leya 70 a Kan Fuskar Tsoho Ɗaya

Wani tsoho nake zanawa a kwamfuta a wani dare, yana zaune gefen fitila. Na gama fitar da layukan fuskarsa da baƙin alƙalami, tamojin goshi da na gefen ido ɗaya bayan ɗaya, sannan na shiga sa launi. Na yi kusan awa 2 ina shafa inuwa a ƙarƙashin idonsa da gefen hancinsa, hankalina duk ya tafi can. Da na ja baya na duba, sai na ga inuwar ta yi nauyi, na ɗauki magogi zan rage ta. Gogewar farko, rabin girarsa ya bi inuwar ya tafi. Ashe tun ɗazu a kan leyar layukan nake ta shafe-shafena, inuwa da layi sun zama abu guda. In ce zan koma baya, sai na zubar da aikin awa 2 ɗin gaba ɗaya. Na daɗe zaune ina kallon fuskar nan, abin ya yi mini ciwo sosai.

Ga wanda bai taɓa buɗe manhajar zane ba, leya kamar farantan gilashi ne da aka jera wani kan wani. Ka zana layuka a na sama, launi a na ƙasansa, bango a na can ƙasa. Idan ka leƙa daga sama hoto ɗaya za ka gani, amma kowane faranti kana iya zare shi, ka goge, ka mayar, sauran ba su san an yi ba. Dabarar ta girmi kwamfuta. Tun 1914 Earl Hurd ya yi wa tsarin zana mutanen katun a kan takardar roba mai nuna bayanta rajista a Amurka, don kada a riƙa sake zana bango a kowane hoto. Photoshop kuwa sai a 1994 ta samu leya, a fitowarta ta 3. Ni da manhajar zane ta Krita nake aiki, don haka maɓallan da zan ambata nata ne.

Bayan abin da ya same ni, sai na faɗa ɗaya ɓangaren. Tsoro ya sa komai zan yi sai na danna Insert na buɗe sabuwar leya. Ido na dama da leyarsa, na hagu da tasa, ƙyallin cikin ido da tasa, inuwar hanci kashi 3. Da na sake zana tsohon nan daga farko, leya 70 na ƙirga, kuma ko ɗaya ban sa mata suna ba. Neman inda wani ɗan ɗigo yake ya koma aiki na musamman, in kashe wannan in kunna wancan. Kwamfutar ma ta fara jan ƙafa, kuma da dalili. Fiksel su ne 'yan ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto. Allo mai fiksel 4000 a tsawo, 4000 a faɗi, fiksel miliyan 16 ke nan. Kowane fiksel yana riƙe da lambobi 4, na ja da na kore da na shuɗi da na alfa, wato yawan yadda yake rufe abin da ke ƙasansa. Leya ɗaya idan ta cika tana cin wajen megabayit 64. Shi ya sa manhajar zane ta Procreate a kan iPad take ƙayyade maka adadin leya gwargwadon girman allonka da ƙarfin na'urarka.

Amma nauyin fayil bai dame ni kamar yadda hoton kansa ya dame ni ba. Fuskar ta fito kamar an yanko sassanta da almakashi an lilliƙa. A fuskar mutum ta gaske, jan kumatu yana narkewa cikin inuwar haɓa, hasken fitila yana taɓa gefen gemu ya shiga fata. Ni kuwa na raba su, kowa a ɗakinsa, buroshin cakuɗa launi ba ya iya haɗa su. Na fahimci cewa yawancin leyoyin nan shawara ce na ƙi yankewa. Ban tabbatar da inuwar ba, sai na ajiye ta gefe don gobe, goben kuma ba ta zuwa.

Yanzu kafin in buɗe leya nakan tambayi kaina ko akwai yiwuwar in so canza wannan abu shi kaɗai nan gaba. In akwai, ya samu tasa. In babu, ya shiga cikin 'yan uwansa.

Abin da ya fi komai sauya mini aiki shi ne leyar inuwa a yanayin ninkawa, wanda masu zane ke kira maltifulai. Na daɗe ina amfani da shi ban san abin da yake yi ba, da na gane lissafin sai ya ƙara shiga raina. Manhajar tana ɗaukar fari a matsayin 1, baƙi a matsayin 0, sauran launuka suna tsakani, sai ta ninka lambar sama da ta ƙasa. Duk abin da ka ninka da 1 yana nan yadda yake, don haka fari ɓacewa yake. Idan ƙasa 0.8 ne, sama 0.5, sakamakon 0.4 ne, ya ƙara duhu. Haske ba ya taɓa fitowa daga wannan yanayi. Wanda ya yi zanensa a takarda ya ɗauki hotonsa, ya ɗora shi a sama ya sa shi a ninkawa, farin takardar zai kau, layukan su tsaya, ya sa launinsa a ƙasa hankali kwance.

A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: kada ka yi inuwa da baƙi ko toka. Fata takan mutu, ta yi kamar an shafa mata gawayi. Tsohona hasken fitila ne mai ɗumi a kansa, sai na ɗauki shuɗi mai ratsin ja, mara kauri, na shafa a leyar ninkawa. Nan take kumatun suka yi rai. Na rage ƙarfin leyar zuwa kashi 60 cikin 100, na tsaya a nan.

Don kada inuwar ta zubo waje, nakan ɗaure leyarta da ta launin da ke ƙasa. A Krita Ctrl+Shift+G yana haɗa maka rukunin da leyar sama ba ta bayyana sai inda ta ƙasa take da launi. Sai ka shafa buroshi da faɗi, ba ka tsoron gefe. Makullin alfa ma kusan haka yake, sai dai shi a kan leyar kanta yake aiki, yana hana fenti taɓa inda babu komai. Magogi kuwa na rage amfani da shi, na koma mayafi, wato rufin da ake ɗora wa leya a shafa masa baƙi ko fari: baƙi ya ɓoye, fari ya bayyana, abin da ka ɓoye yana nan a ƙasa in ka canza ra'ayi.

Ina cikin ƙarasa hoton ƙanwata ta leƙo ta bayana ta ce, "Yaya, da rigar nan ja ce da ta fi dacewa da fitilar." Shuɗiya ce a lokacin. Rigar tana da leyarta, inuwarta na sama a ɗaure. Na kulle alfa, na cika da ja mai duhu, duk naɗe-naɗen yadin suka tsaya a inda suke. Ko minti 1 ban yi ba, kuma gaskiyarta ce.

Fayil ɗin tsohon yanzu leya 7 ne: bango, fitila, fata, riga, inuwa, haske, layuka, kowace na danna F2 na rubuta mata suna. Leyar layuka a kulle take tun daga lokacin da na gama ta. Nakan ajiye fayil na .kra, wato irin na Krita, da leyoyinsa cikakku, don PNG da JPEG duk narkar da su suke su zama hoto ɗaya, JPEG ma ba ya riƙe wurin da babu launi. Da na gamsu da fuskar, na yi kwafin fayil ɗin gefe, na haɗe fata da inuwa da haske da Ctrl+E. Sannan na ɗauki buroshi mai laushi na bi ta wurin da gemunsa ya haɗu da kumatu, na bar ɗan jan fitila ya shiga cikin farin gashin.