Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Abin da likita ta nuna min a ƙeyar Auta

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda Hajiya surukata ta dage sai an kira wanzami ya duba ƙasan harshen Auta, ita a ganinta ɗaurin harshe ne ya hana shi magana, a yanke kowa ya huta. Da ƙyar Abbansu ya lallaɓa ta a kan a bari mu ga likitar yara tukunna tunda an riga an ba mu rana.

Lokacin Auta ya haura shekara 3. Kuma fa ba bebe ba ne, tallar da ya ji a rediyo sai ya maimaita ta tsaf har da karin muryar mai tallar, amma ki ce masa zo ka ci abinci sai ya yi kamar ba da shi ake ba. In ƙishi ya kama shi sai ya zo ya ce "kana son ruwa?" saboda haka muke tambayarsa. Ga tafiya a kan yatsun ƙafa, ga yawan tuntuɓe, cokali kuwa kafin ya kai baki rabi ya zube. Mu a gida maganar daban muka ɗauke ta, faɗuwar kuma kowa cewa yake rawar kan 'ya'ya maza ce.

Likitar ta daɗe tana kallonsa, ta mirgina masa ƙwallo, ta kira sunansa ta baya, ta yi mana tambayoyi har na gaji, sannan ta ce alamun galahanga ne, wato otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Da na kawo zancen tuntuɓen sai ta ce "Maman Auta, sa hannunki a ƙeyarki, can ƙasa inda kai ya haɗu da wuya." Ta ce a nan akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa da suke kira sarabelam, girmanta kusan kashi 10 cikin 100 ne na duka ƙwaƙwalwa amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a cikinta suke. Da can an ɗauka aikinta daidaita tafiya da motsi ne kawai, daga baya aka gano tana da hannu a magana, ɓangarenta na dama yana haɗe da ɓangaren hagu na babbar ƙwaƙwalwa inda yawancin mutane ke sarrafa harshe. Ita ke jera abu bayan abu a kan lokaci, ta hango abin da zai biyo baya, ko taku ne ko kalma. Ta ce hira kamar lugude ce, in ba ki san lokacin sauke taɓaryarki ba toh ko kina da ƙarfi ba za ki shiga cikin masu dakan ba.

Abin da ya sa Abbansu ya yi shiru shi ne da ta ce akwai yaran da ake wa tiyatar ƙari a wannan wurin, suna magana lafiya lau kafin aikin, bayan kwana ɗaya ko biyu magana ta ɗauke ɗif na makonni ko watanni, alhali ba wanda ya taɓa musu harshe.

Ni kuma kun san ni da bin ƙwaƙwaf, daren nan data ta sha wuya. A nan na ga tun 1985 Margaret Bauman da Thomas Kemper a Boston ta Amurka suka bincika ƙwaƙwalwar wani mai otizim bayan rasuwarsa suka tarar wasu ƙwayoyin jijiya na sarabelam da ake kira Purkinje sun yi ƙaranci, a 1988 kuma Eric Courchesne ya nuna a hoton MRI, wato hoton na'urar da ke nuna cikin jiki, cewa wani sashe na tsakiyarta ya fi ƙanƙanta a wasu masu lalurar. Wallahi abin ya ba ni haushi, an san wannan tun kafin a haife ni amma mu har yau wanzami ake kira, ga masu tallar maganin buɗe baki a Facebook suna cin kuɗin iyaye mata.

Abbansu ya so a yi hoton ƙwaƙwalwar, ya ce ko nawa ne zai nemo. Likitar ta ce Alhaji ajiye kuɗinka, wannan bambancin sai an tara yara da yawa an kwatanta yake fitowa, ba kowane yaro ke da shi ba, kuma ba sarabelam kaɗai ke cikin lamarin ba, da hali da ɗabi'a ake gane otizim ba da hoto ba. Gwajin ji ta fara rubuta mana, sai mai koyar da magana, a gida kuma ta ce mu yi ta wasan karɓa-karɓa, ni in tafa shi ya tafa, in fara waƙar da ya sani in tsaya a tsakiya in jira shi ya ƙarasa, kar in yi gaggawar cike masa. Jiran nan ya fi komai wuya, ga girki ga yayyensa suna kira.

Kunne dai lafiya ƙalau aka ce. Neman mai koyar da maganar ne ya zama wani aikin, layi ya yi tsawo, na kuɗi kuma farashin ba a magana, muna cikin haka makarantarsu ta aiko wai mu zo akwai magana. Wannan sai mako mai zuwa insha Allah.