Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Kuɗin Tafiya Indiya

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar mahaifina Malam, na ce yau zan shiga labarin tafiyata Indiya koyon yoga. Zan shiga, amma dole in biya ta zauren Baffa tukuna, domin kuɗin tafiyar a hannunsa suke, kuma bai bayar ba.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Nawa da na Yaya ya faɗo cikin shagon Kantin Kwari, wanda Malam da Baffa suka yi tarayya a kai tun suna samari. Aka ce kuɗin mata a bar shi a shago yana juyawa, ƙarshen shekara a riƙa ba mu riba. Muka ce to. Wa zai ce a'a Baffa yana zaune? A 2013 na je na durƙusa bakin tabarmarsa na ce ina so a ciro mini wani abu daga cikin nawa, zan je ƙaro karatu.

"Ummi, karatun me kuma?" Bai taɓa kama sunana ba, sunan mahaifiyarsa ne.

"Baffa, na motsa jiki ne. Irin wanda ake koya wa masu ciwon baya da gwiwa."

"Rawar ce dai aka sake wa riga." Ya gyara zaman hularsa. "Na gaya miki tun kina yarinya. Mu a gidan nan yi mana kiɗa ake yi, ba mu yi wa kowa rawa."

Gaskiya ya faɗa, ya gaya mini tun ina yarinya. Ina firamare lokacin. Tashar talabijin ta CTV ta nuna 'yan koroso na Gidan Ɗan Hausa, maza da mata bibbiyu, sarewa na tashi, wannan ya lanƙwashe wancan ya ɗauke shi sama, ƙafafunsu na caccaka. Washegari na tara murafun kwalbar lemo, na daddake su da dutse, na huda da ƙusa, na zura a zaren buhu na ɗaura a idon sawu. Ina bayan ɗakin Inna ina ta dira, ban ji sallamarsa ba. Bai dake ni ba. Ya sa na kwance na miƙa masa, ya jefa su kan rufin kwano, sannan ya faɗi maganar nan. Har damina ta wuce ina hango su suna tsatsa a can sama.

Mutane da yawa in na ba su labarin nan sai su ce ai addini ne ya sa. Ba addini ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da haramun ya ce, da na ɗauki maganar na kai gaban malamai an buɗe littafi, ko a ba ni gaskiya ko a ba shi. Baffa bai taɓa jawo mini aya ko hadisi ba. A gidan nan namu ba a taɓa aurar da 'ya babu kalangu ba. Ranar wuni 'yan amada ke kifa ƙwarya a tsakar gida, Gwaggo ta ci ɗamara da mayafi ta shiga fili, mu yara muna tsince kuɗin liƙi muna kai wa masu kiɗa. Shi kansa Baffa na ga maroƙi ya wasa kakansu, ya zaro sababbin kuɗi ya manna masa a goshi yana murmushi. Ashe rawar ba laifi ba ce. Laifin shi ne ka zama kai ne ake manna wa kuɗin. Zancen asali ne, ɗan gidan fatake ba ya komawa sahun maroƙa. Ko a shekarar 2000, da aka ƙaddamar da shari'a a Kano har gwamnati ta dakatar da harkar fim kafin ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, lokacin da 'ya'yansa suka samu abin fakewa suna cewa a ciro ni daga jami'a a Samaru, shi bai fake da komai ba. Maganarsa ɗaya ce, ita ya maimaita. Wannan kam na yaba masa.

Inna ce ta sayar da sarƙa da 'yan kunnen da Malam ya sayo mata a Makka. Gwaggo ta kawo kwasar adashinta a ƙulle cikin leda, ta tura mini ƙarƙashin filo ta ce, "Kada ki yi mini godiya a gaban mutane. In kin dawo ki zo ki duba mini ƙugun nan." Ragowar na cika da abin da na tara a Legas.

Na ga ban faɗi yadda na san yoga ba. Gwiwata ta hagu ce sila. Tun ina bautar ƙasa a Kalaba ta fara, lokacin bikin kanibal na watan Disamba bai daɗe da farawa ba, muna taka rawa a kan kwalta daga hantsi har dare. Na koma Legas da ita a kumbure. Wata Ba'indiya a Ilupeju, matar wani manajan kamfani, tana tara mata a falonta da safe, wata abokiyar aikina ta kai ni. Shekarun Legas ba zan tsaya kansu ba, wanda ya karanta kashi na biyar ya san dalili.

Jirgin da muka hau ta Adis Ababa muka bi, kuma kusan duk Bahaushen da na gani a ciki asibiti za shi. Wani da ciwon ƙoda, wata an turo ta a keken guragu, kowa da jakar takardun gwaji. Wata dattijuwa 'yar Gusau ta tambaye ni me ke damuna, na ce karatu za ni. Ta ce na likita? Na ce kusa da haka. Daga Delhi na hau jirgin ƙasa zuwa Haridwar, daga nan mota ta ƙarasa da mu Rishikesh, inda kogin Ganga ke fitowa daga cikin duwatsu. Duk Bakanon da ya tashi da finafinan Indiya yana da Indiyar da ya gina a kansa, tawa ta rushe tun a tasha. Ba wanda ke waƙa a kan tsauni. Shanu ne a kan gada, birai na fizge ledar hannunka, ga Turawa birjik kowa da tabarmar roba a kafaɗa. Garin ba a sayar da nama, doka ce. Wake da shinkafa da gurasarsu, safe da dare, har na fara mafarkin tsiren Fagge. Abin da ya fi ɗaure mini kai kuwa alƙibla: tun da aka haife ni gabas nake fuskanta, a can sai na juya yamma.

Kwas ɗin na awa 200 ne, wanda ake gamawa cikin kamar wata guda. Tun ranar farko na samu malamin na gaya masa ni Musulma ce, ba zan rera addu'o'insu ba, ba zan haɗa hannu gaban gunki ba, jerin motsin nan goma sha biyu da suke kira gaisuwar rana kuwa zan koyi motsin in bar niyyar. Ya ce in zauna daga baya in an gama in matso. Shi ke nan, babu ja-in-ja. Na riga na karanta cewa majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008, malaman Indonesiya kuma a 2009 suka haramta wadda ke haɗe da rera-rera da ibada, suka bar ta motsa jiki zalla. A kan wannan rarrabewar na tsaya, har yau kuma a kanta nake. A ajina ba a rera komai.

Malamin da ya fi amfanata wani dattijo ne da ya yi karatu a tafarkin malamin yoga Iyengar na birnin Pune, masu aiki da tubalin katako da ɗamara da bargo. Ni da na zo da taƙamar jikina na lanƙwasuwa ko'ina, ina gaban aji ina naɗe ƙafa a wuya, sai ya wuce ni bai ko kalle ni ba. Da ya dawo ya sa ni tsayuwa kawai, ƙafa a ware, gwiwa ɗaya a lanƙwashe, ya ce kada in motsa. Kafin a jima cinyata ta kama rawa da kanta. Ya tsuguna ya dafa gwiwar da yatsa biyu ya nuna mini yadda take faɗawa ciki. Ya ce gwiwa gaba da baya kawai ta sani, juyi aikin ƙugu ne, ni kuwa shekara da shekaru ina karɓar juyin daga gwiwa domin ya fi kyau a idon 'yan kallo. Ba wanda ya taɓa gaya mini haka, ko a Samaru ko a Legas. Masu rawarmu nawa ne suka zauna tun ba su kai arba'in ba saboda wannan kaɗai?

Amma in faɗi gaskiya, awa 200 ba ta mai da mutum malami. Na ga waɗanda suka karɓi takarda ɗaya da ni ba su iya duban mutum su gane inda yake ɓoye ciwo ba. Ni idon nan a filin rawa na same shi, a ɗakin wasan nan na ginin ƙasa da ke Jami'ar Ahmadu Bello, inda muke kwana muna maimaita taku ɗaya. Sai dai ita takardar Indiya ita ke da kwarjini. Da na dawo na buɗe aji a Abuja, matan manya suka fara zuwa, aka koma kirana Malama. A 2015 aka yi Ranar Yoga ta Duniya ta farko, 21 ga Yuni, bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita. A 2017 labari ya zo cewa Saudiyya ta saka yoga cikin wasannin da ta yarda a koyar. Wannan na ƙarshen shi ya buɗe mini ƙofar gidanmu. Babban ɗan Baffa, wanda ya ce a ciro ni daga makaranta, shi ne na ji yana gabatar da ni a wurin wani ɗaurin aure: "Ƙanwarmu ce, likitar motsa jiki, a Indiya ta yi karatu." Ni ba likita ba ce. Digirina na wasan kwaikwayo da rawa kuwa ko da wasa ba ya shiga bakinsu. Duk Asabar ina koya wa 'yan mata rawar gargajiya, koroso da asauwara da takai, 'ya'yan Yarabawa da Ibo da Tibi sun cika ajin, daga gidanmu ko yarinya ɗaya ba a taɓa turo mini ba. Mu yi mana kiɗa ake yi.

Gwaggo ba ta jira Saudiyya ba, ita tun satin da na dawo na fara da ita. Hajiya Babba, uwargidan Baffa, ita ce sai a 2018 ta aiko a kira ni. Ta daɗe tana salla a kan kujera, in ta zauna a tabarma sai yara biyu sun ɗago ta. Ban kai mata tabarmar roba ba. Na sa ta kwanta a kan dardumarta, na naɗe bargo na tura ƙarƙashin gwiwoyin, na karɓi ɗankwalinta na zarga a tafin ƙafa na ba ta bakin biyu ta riƙe. "Hajiya, ja a hankali. In kin ji zafi ki tsaya, ba jarrabawa ba ce." Tana ja tana salati tana zagina, wai na zo in karya ta a ɗakinta. Muka koma jikin bango, ta jingina baya ta sauka kaɗan ta taso, tana shaƙar numfashi ta hanci tana saki a hankali. Na hana ta barin maganin hawan jininta, domin wata ta riga ta gaya mata wai wannan zai maye gurbinsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu a kujera take salla. Amma tana tashi daga tabarma da kanta, tana shiga bayi ba mai riƙe ta, kuma duk macen da ta manyanta ta san darajar wannan.

Wata rana muna cikin yi Baffa ya yi gyaran murya a ƙofa. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Ummi, Allah ya yi miki albarka." Da na yi shiru da an rabu a haka. Sai na ce, "Amin, Baffa. Ai rawar nan ce ta koya mini." Hajiya ta mintsine ni. Shi kuwa ya ce, "Wannan magani ne. Waccan kuwa kin san abin da na ce." Ya saki labule ya tafi. Ban yi nadamar faɗa ba.

Na taɓa samun damar zuwa makarantar rawa ta Germaine Acogny da ke Toubab Dialaw a Senegal, tun kafin zancen Indiya. Ban ko kai maganar zaure ba, don na san amsar. Wannan ita ce tafiyar da har yau nake jin ciwonta, ba ta Indiya ba.

Baffa ya rasu a watan Afrilun 2020, cikin kwanakin nan da dattawan Kano suka yi ta tafiya. Ina Abuja, an rufe hanyoyi saboda korona, ta waya na yi wa Hajiya gaisuwa. Allah ya jiƙansa, ya riƙe mu bayan Malam, ba a taɓa rasa hatsi a ɗakin Inna ba. Da aka buɗe hanya 'ya'yansa suka kira ni da Yaya a kan maganar shago. Suka kawo littafi, suka ƙirga mana rabonmu daidai yadda aka rubuta shi ranar rabon gado, naira bisa naira. Lokacin da na durƙusa ina roƙon kuɗin nan dala tana wajen naira 160, ranar da aka miƙo mini su ta haura 360. Yaya ta sa hannu ta karɓa. Ni na ce a kira Kawu tukuna, kuma abin da ya faru a zaman nan shi zan kawo mako mai zuwa.