Ramin milimita 3 ba ya karɓar sandar milimita 3

Har yau in na tuna tayoyin nan sai raina ya sosu.

Ƙaramin samfurin trotro, wato motar haya ta Ghana, nake son ƙerawa, ƙirar Sprinter irin masu lodi a tashar Kejetia ta Kumasi, a ma'aunin 1:24, wato ainihin motar ta ninka shi tsawo sau 24. Na fara zanen da manhajar zanen 3D ta Tinkercad, amma sai da intanet take aiki, kuɗin data ya ishe ni, na koma wata manhajar, FreeCAD. Kyauta ce, ba ruwanta da intanet, kuma sigar 1.0 da ta fito a Nuwamban 2024 ta fi na baya sauƙin hannu. Jikin motar bai wahalar da ni ba. Ka ɗaure ma'aunai har zanen ya koma kore, ka ba shi kauri, shi ke nan.

Tayoyin ne suka ci kuɗina. Sandar ƙarfen da za ta riƙe su milimita 3 ce, ramin ma na sa milimita 3. A fuskar kwamfuta sun zauna daram. Na biya mai injin 3D ya buga min tayoyi, ƙofofi, kujeru, duka a zama ɗaya. Ko ɗaya bai shiga wurinsa ba. Na danna wata taya da ƙarfi, ta tsage a hannuna.

Kawuna makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Da na kai masa Aboabo da yamma, ya juya tayar a tafin hannunsa ya ce, "Ɗana, ko fistin mota sai an bar masa 'yar rata a silinda." Gaskiyarsa. Fayil ɗin STL, wanda ake fitar da zane a cikinsa don bugawa, ba ya ajiye da'ira sosai, gutsuttsura ta yake zuwa ƙananan layuka miƙaƙƙu, ramin ya ɗan tsuke. Ita kuma robar PLA da injin yake bugawa da ita, da zafi wajen digiri 200 take fitowa ta bakin injin mai faɗin milimita 0.4, tana ɗan bazuwa ciki kafin ta daskare.

Yanzu ba na buga komai sai na fara da ɗan faifai mai ramuka huɗu, daga 3.1 zuwa 3.4, in gwada sandar. A injin mutumin nan 3.3 ce ta yi. A wani injin dole a sake gwadawa. Lambar ratar kuma a Spreadsheet na FreeCAD, wato jadawalin ajiye lambobi, nake rubuta ta, kowane rami daga can yake ɗauka. Da haka na yi tun farko, da lamba ɗaya zan canza, maimakon bin ramuka ɗaya bayan ɗaya har tsakar dare.