Inna ta ce su ba jam'iyya ba ne

Laraba, Birnin Kebbi.

Da hantsi Inna ta sa na rubuta wa matan adashinsu takardar neman wurin taro, sai na ɗora "Jam'iyyar Matan Unguwa" a samanta. Ina fara karanta mata ta ɗaga hannu, ta ce: "Goge wannan, Auta, mu ba 'yan siyasa ba ne, ƙungiya muke." Na goge, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Bayan la'asar na tari Malam Bello a ƙofar masallaci, na ce: "Allah gafarta Malam, jam'iyya ta 'yan siyasa ce kaɗai?" Ya yi murmushi, ya ce kalmar Larabci ce, tushenta jim da mim da ain, mai ma'anar tarawa, wanda daga gare shi jama'a da Juma'a da jami'a suka fito. A wurin Larabawa, in ji shi, jam'iyya ita ce ƙungiyar taimakon juna, har ma a Masar adashi kansa haka suke kiransa, abin da ya sa na kusa tuntsirewa da dariya. Ta siyasa kuwa hizbu suke ce mata, kalmar da mu muka mayar izu, muka keɓe wa Alƙur'ani mai izu sittin.

To ina aka sauya hanya? A nawa ganin, tarihinmu ne ya jawo. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fara ne a matsayin ƙungiyar al'adu da ci gaban Arewa, sai a 1951 ta rikiɗe ta zama ta siyasa, wato NPC, alhali NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ana kiranta Jam'iyyar Neman Sawaba. Tun daga nan kalmar ta manne wa tuta da ƙuri'a.

Sauyin ma'ana bai dame ni ba, domin harshe ya gaji haka. Abin da ya dame ni shi ne yadda fuskar Inna ta ɓaci, kamar na jingina musu abin kunya. Matar da ba ta taɓa ƙin fita layin zaɓe ba, yau abin da sunan yake tuna mata bai wuce atamfa da sabulun da ake rabawa ana gobe zaɓe ba, da 'yan bangar da suka hana unguwa barci a kamfen ɗin da ya wuce.