Asabar, saura mako uku azumi

Yau bayan sallar asuba ban koma barci ba. Na ɗauko tsohon littafin ƙungiyarmu ta taimakon marayu, mai baƙin bangon nan da muka fara rubutu a cikinsa tun muna taruwa a tsakar gidan shugabarmu Hajiya a Tudun Wadan Zariya, na zauna a kan sallaya ina buɗa shi shafi-shafi. Hajiya ce ta ɗora min aikin a zaman da ya wuce, wai in fito da sunan duk wanda ya taɓa ba mu wani abu, tunda azumi ya ƙarato kuma muna so mu fita neman sababbin masu taimako.

Abin da na gani ya sanyaya min jiki. Sunaye ga su nan birjik, amma mafi yawa sau ɗaya suka fito. Mutum ya ba da buhun masara a wani azumi, daga nan shiru. Wasu babu lambar waya. Wani wurin an rubuta "Alhaji na kasuwa" kawai, yau ko ni da na rubuta da hannuna ban san wane Alhajin ba ne. Na daɗe riƙe da biro ina tambayar kaina: da wace fuska za mu je wa baƙo, alhali waɗanda suka riga suka buɗe mana hannu ba mu sake waiwayarsu ba?

Da hantsi na hau Keke Napep, muka bi ta PZ zuwa kasuwar Sabon Gari, wurin wani dattijo mai sayar da atamfa, aminin marigayi mahaifina ne. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa yaron shago ya kawo min kujera da ruwa. Da na kawo maganar azumin bana sai ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "'Yata, shekara biyu ke nan na ba ku turmi ashirin domin kayan sallar yara. Har yau ban sani ba ko an ɗinka, ko sun saka. Ba godiya nake nema ba, ladana yana wurin Allah. Amma abin da na ba ku amana ce, mai amana kuwa yakan so ya ji ta isa."

Na ce, "Wallahi Baba, an ɗinka, sun saka, har sun je kallon hawa a ƙofar fada." Ya ce, "To kin ga, yau na fara ji." Kunya ta rufe ni. Na tuna yarinyar da ta ƙi cire tata rigar har ta yi barci a ciki ran sallah, na ba shi labarin, na ga idonsa ya kawo ruwa. Labarin nan shekara biyu yana hannuna, kira ɗaya ne tsakaninsa da mai shi.

Ya ƙara da wata magana. Ya ce bara ya so ya jawo wani abokinsa na Kaduna, amma da mutumin ya sa lambar asusun da muka tura, sai sunan mace ɗaya ya fito, ba sunan ƙungiya ba, nan take ya fasa. "Ni na san ma'ajiyarku, mutuniyar kirki ce. Shi bai san ta ba, kuma bai yi laifi ba."

Bayan azahar muka zauna a gidan Hajiya, mu tara. Na faɗa musu duk yadda muka yi da Baba, ban rage komai ba. Ma'ajiya ba ta ji haushi ba, ta ce ita ma nauyin ya ishe ta, domin kuɗin marayu a asusunta kwana cikin fargaba ne. Rajista dai mun gama da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, mun ba da sunayen amintattu, an buga sanarwa a jarida, an jira kwana 28 ko akwai mai ja, takarda ta fito. Tun daga nan muka sa ta a leda muka ajiye. Banki kuwa ya ce sai mun kawo takardar SCUML, sashen nan na hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, da lambar haraji, da takardar da ke nuna amintattu sun amince a buɗe asusun. Muka yanke a fara bin su ranar Litinin, kuma ko sisi ba zai fita ba sai mutum biyu sun sa hannu.

Malam, wanda ke yi wa yaran karatun yamma, ya ja hankalinmu a kan abin da muke cakuɗawa. Zakka daban, sadaka daban. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙididdige mutum takwas da ake ba zakka, saboda haka wanda ya fitar da ɗaya cikin arba'in na dukiyarsa ya danƙa mana, ba mu da ikon mu biya kuɗin mota ko mu sayi littafin rasit da shi. Ya ce ɗan kasuwar da ya san addininsa, wannan ce tambayar da zai fara yi mana. Nan take na ja layi a sabon littafi, na raba shafin gida biyu.

Inda aka daɗe ana ja shi ne maganar hoto. Yaron da ke riƙe mana shafin Facebook, ɗalibi ne a ABU Samaru, mai himma ƙwarai, ya ce gani ya kori ji, mutane ba sa taɓa aljihu sai sun ga fuskar yaro da buhun shinkafa a gabansa. Ban ce ƙarya ya faɗa ba. Amma wata 'yar'uwarmu, wadda ita kanta 'ya'ya huɗu mijinta ya bar mata, ta ce a hankali, "Ƙanena, yaron nan zai girma. Wata rana zai je neman aure, hoton yana nan a waya." Ɗakin ya yi tsit. Ni ina bayanta ɗari bisa ɗari. Maraici ba abin talla ba ne, kuma mai bayarwar da sai ya ga hawaye zai ba da, gobe in ya ga wanda ya fi namu kuka can zai koma. Muka tsaya a kan za a nuna kaya, a nuna rasit ɗin makaranta an rufe suna, a nuna ɗinki a gaban tela, amma ban da fuskar yaro.

Shi ɗalibin kuma ya kawo shawarar da ta fi burge ni. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 manyan masu ba mu suka rage hannu, kowa na fama da gidansa. Ya ce maimakon mu zura ido ga attajiri ɗaya sau ɗaya a shekara, mu nemi malaman makaranta da ma'aikata da 'yan'uwansa ɗalibai, kowa ya ɗauki abin da zai iya duk wata, kamar zubin adashi, ko da naira dubu ce. Sharaɗin dai, duk ƙarshen wata su ga saƙo a WhatsApp: ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi, ga abin da ya rage. Rubuta saƙon ya faɗo a kaina, na kuma karɓa.

Hajiya ta rufe zaman da cewa kafin a nemi ko mutum ɗaya sabo, sai an kira tsofaffin kaf, kuma kada wanda ya roƙi komai a kiran. Gaisuwa ce da bayani kawai.

Bayan isha na sa kati na fara. Lamba uku ba su shiga ba. Ta huɗun wata baiwar Allah ce a Samaru da ta taɓa biya wa yaro ɗaya kuɗin jarrabawar WAEC. Na gaishe ta, na ce mata yaron ya ci, yanzu yana koyon gyaran waya yana shirin zana jarrabawar JAMB. Ta yi ta hamdala, ta ce ita ta ɗauka ƙungiyar ta watse. Sai ta tambaye ni ko yana da ƙanne. Na ce yana da biyu. Ta ce in zo gida ranar Laraba bayan la'asar.

An ɗauke wuta, da fitilar waya nake wannan rubutu. Saura suna talatin da ɗaya a jerin. Gobe in Allah ya kai mu zan fara da rubuta wa Baba takarda da hannuna, in sa adadin yaran da suka saka atamfarsa, in kai masa shago da kaina.