Gadin taurarin da ke haskawa su lafa a tsakiyar gungun taurarinmu, Milky Way

Taurari biyu ne ke zagaya juna. Ɗaya irin na yau da kullum, ɗayan kuwa tauraron nutron ne (dunƙulallen ragowar tauraron da ya mutu) ko baƙin rami (inda ko haske ba ya iya fita), yana zuƙe iskar abokinsa. Iskar takan taru a kewayensa kamar faifai, a yi shekaru shiru. Ranar da faifan ya ɗau zafi, sai ta kwarara ciki, hasken eksiray ya tashi na makonni ko watanni, sannan ya lafa.

Wanda bai zauna gadi ba, sai dai ya ji labari. Shi ya sa a 2006 kumbon Swift, mai na'urar hangen eksiray, ya fara leƙa kewayen Sgr A*, baƙin ramin da ke tsakiyar gungunmu mai nauyin rana kusan miliyan 4, kusan kullum, na kimanin daƙiƙa 1,000. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu rana takan tare hanya, dole a dakata.

Matsalar farko ƙura ce. Nisan wurin ya kai shekarun haske 26,000, kuma ƙura da iskar da ke tsakani suna haɗiye kusan duk hasken eksiray da ke ƙasa da 2 keV (ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske). Don haka a yi aiki da 2 zuwa 10 keV. Ƙurar kan kuma watsa hasken ya zama da'ira a kewayen tauraro mai ƙarfi, ta rufe raunanan maƙwabtansa.

Sai cunkoso. Idon Swift ba shi da kaifin raba taurarin da ke manne da juna. A Afrilun 2013 da farko an ɗauka Sgr A* ne ya yi tartsatsi, ashe wani tauraron nutron ne mai tsananin maganaɗisu, SGR J1745-2900. Wasu na'urorin hangen eksiray biyu ne suka warware: NuSTAR ta ji bugunsa kowace daƙiƙa 3.76, Chandra kuma ta nuna yana gefen Sgr A* kaɗan. Idan tauraro ya yi haske da yawa, ƙwayoyin haske biyu kan faɗa wuri ɗaya, na'ura ta ƙirga su ɗaya mai ƙarfi, lissafi ya karkace. Maganinsa a cire tsakiyar hoton, a auna zoben da ya rage.

Mafi wuya shi ne sanin ko wane ne: tauraron nutron ko baƙin rami. Fashewar nukiliya ta 'yan daƙiƙoƙi zuwa mintoci tana nufin akwai doron da iskar ta taru a kai, wato tauraron nutron ne. Haka aka gane AX J1745.6-2901, wanda abokinsa ke rufe shi kowace awa 8.4. Amma rashin ganin fashewa ba shaidar baƙin rami ba ce, kuma a nan masu gaggawa ke zamewa: mai kallon daƙiƙa 1,000 cikin 86,400 na awa 24, yawancin fashewar a bayan idonsa take faruwa.